Yadda ake fitar da giyar mota otomatik idan ta maƙale a P

Ka tayar da mota, inji yana aiki lafiya lau, ka taka birki, ka kama sandar giya za ka ja ta zuwa R ko D, sai ta ƙi motsi ko kaɗan. Abu na farko, cire hannunka daga kanta. Kada ka finciko ta, kada ka haɗa hannu biyu, kada ka bar wani ƙato a tasha ya ce bari ya gwada ƙarfinsa. Kayan da ke ƙarƙashin sandar nan galibinsu roba ne, kuma sau da yawa abin da ke cin kuɗi ba maƙalewar ba ce, ƙarfin da aka sa mata ne. Matsalar da ɗan fiyus zai magance sai ta koma neman gidan giya sukutum a wajen masu sayar da kayan gwanjo, mota tana ajiye a gareji ana jiran a kawo shi daga Duwala ko daga Najeriya.

Kafin ka taɓa komai, ka san cewa makulli biyu ne ke riƙe mota a P, kuma kowanne da maganinsa.

Na farko yana cikin giyabos. Wani ɗan ƙarfe ne mai haƙori ɗaya, idan ka sa P sai ya faɗa tsakanin haƙoran wani faifai da ke haɗe da tayoyi, ya hana su juyawa. Na biyu yana ƙarƙashin sandar giyar kanta, kuma da lantarki yake aiki. Wani ɗan maganaɗisu ne da makanikai ke kira solonoyid, yana tokare sandar, ba ya janyewa sai makullin tayar da mota yana ON kuma ƙafarka tana kan birki. Ba don a wahalar da kai aka sa shi ba. A tsakiyar shekarun 1980 aka yi ta ƙorafi a Amurka cewa motar Audi 5000 tana zabura da kanta idan an sa giya, kamfanin ya fara sa wannan makulli, sauran kamfanoni suka bi. Daga baya Amurka ta yi doka a 2008 cewa daga Satumban 2010 duk sabuwar mota otomatik sai tana da shi, saboda yara da ke wasa da giya mota ta gangara. To motocin da ke shigo mana ta Duwala da Kwatano, su Corolla, Camry, RAV4, Highlander, Accord, kusan duk suna ɗauke da shi.

Don haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: wuta ce ba ta kai ga makullin sama ba, ko nauyin mota ne ya danne na ƙasa?

Fara da abin da ba ya cin ko sisi

Ja birkin hannu. Duba ko makulli ya kai ON, wato fitilun dashbod duk sun kama. Idan makullin ne ma ya ƙi juyawa, sitiyari ne ya kulle da nauyin taya a kansa, sai ka riƙa murza sitiyarin dama da hagu da hannu ɗaya kana juya makulli a hankali da ɗayan. Sannan ka leƙa ƙasan fedar birki. Tabarmar roba da ake shimfiɗawa saboda ƙura takan tattare ta shige ƙarƙashin feda, ko gorar ruwa ta mirgino ta tokare. Fitar da su.

Yanzu kashe rediyo da iyakwandishan, rufe gilashi, ka kasa kunne kusa da giya. Taka birki, saki, sake takawa. Idan komai lafiya za ka ji wani ɗan sauti, ƙyas, duk lokacin da ka taka, wani lokaci har ka ji shi a tafin hannunka idan ka ɗora a kan sandar. Wannan sautin shi ne solonoyid yana janyewa. Idan ka ji shi amma giya ta ƙi fita, wuta tana zuwa, sai ka tsallaka zuwa maganar gangare da datti a ƙasa. Idan shiru ne, matsalar ta wuta ce.

Fitilar birki ita ce mai ba da labari

Wannan mataki shi ne ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Kira wani ya tsaya a bayan motar. Ko yaron da ke sayar da ruwa a gefen titi ya isa: “Samari, don Allah tsaya nan baya, in na taka ka gaya mini ko jar wuta ta kama.” In da dare ne kuma kai kaɗai, hasken zai nuna a jikin bango ko a gilashin motar da ke bayanka.

Dalili shi ne, ɗan suwicin da ke kunna fitilun birki shi ne kuma yake sanar da makullin giya cewa ka taka. Idan fitilun duka ba su kama ba, har da ta saman gilashin baya, to kusan ka gano ɓarawon. Ko fiyus ne ya ƙone, ko suwicin ne ya mutu. Ƙwai ɗaya ya mutu ba ya hana giya fita, amma duka su ɗauke lokaci guda, wannan ba aikin ƙwai ba ne.

Fara da fiyus, wanda a garejojinmu za ka fi jin an ce fizibil. Akwatinsa yana ƙarƙashin dashbod ta gefen direba, akwai kuma wani a cikin bonet kusa da batir. A bayan murfin akwai zane da sunan kowanne. Wanda kake nema a motocin Toyota an rubuta masa STOP, a wasu motocin STOP LAMP ko BRAKE. Kashe mota, zare shi da ɗan matsefin roba da ke cikin akwatin ko da filaya, ka ɗaga shi sama ka duba ta haske. A cikinsa akwai siririn ƙarfe mai lanƙwasa. In ya tsinke ko ya yi baƙi, ya ƙone. Sa wani mai lamba iri ɗaya. Launi yana taimakawa: mai amfiya 7.5 ruwan ƙasa ne, mai 10 ja, mai 15 shuɗi, mai 20 rawaya. Idan ba ka da na ajiya kuma kana tsakiyar hanya, ari na wani abu da ba dole ba, kamar na rediyo ko na wurin cajin waya, muddin lambar ɗaya ce.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne naɗa waya ko takardar sigari mai ƙyalli a madadin fiyus, ko cusa mai 30 a ramin mai 10 wai don kada ya sake ƙonewa. Fiyus yana ƙonewa ne don waya kada ta ƙone. In ka sa sabo, ka taka birki, ya sake tashi nan take, akwai inda waya ta gogu tana taɓa ƙarfe. Wuraren da aka fi samu su ne wayoyin da ke bin murfin but, soket ɗin ƙwan baya da ruwan damina ya shiga ya yi tsatsa, ƙwan da aka cusa ba irinsa ba, da kuma fitilun ado da wani yaro ya jona da salatif. Ɓera ma yana nasa, musamman motar da ke kwana kusa da buhunan masara ko gyaɗa. Wannan aikin mai gyaran wutar mota ne.

Idan fiyus lafiyarsa ƙalau, sai suwici. Tura kujera baya, durƙusa a bakin ƙofa da fitilar wayarka, ka bi ƙarfen fedar birki da ido zuwa sama. Can kusa da inda yake lilo za ka ga wani ɗan abu kamar girman babban yatsa, da soket a bayansa da ɗan tsinke a gabansa yana taɓa fedar. Tabbatar soket ɗin bai zare ba, danna shi ya zauna. Danna fedar da hannu ka ga ko tsinken yana fitowa, ko ƙura ta riƙe shi a ciki. Wani lokaci ka taka birki da ƙarfi sau da yawa a jere sai ya farfaɗo ya ba ka damar fita sau ɗaya. In haka ta faru, kada ka ce ya warke, sauya shi. Ƙaramin abu ne, kuma ba baƙon ciwo ba ne: a 2013 Hyundai da Kia sun nemi a dawo musu da motoci sama da miliyan ɗaya da rabi a Amurka don gyaran wannan suwicin, kuma ƙin fita daga P yana cikin alamomin da aka lissafa. Idan motarka mai maɓallin tayarwa ce, suwicin nan in ya mutu injin ma ba zai tashi ba.

Tun da kana durƙushe a wurin, duba kan tabarma ko akwai ɓurɓushin wata roba mai tauri, kamar an farfasa maɓallin riga. Akwai wata 'yar roba a jikin fedar wadda tsinken suwici ke tokara. Zafi yana busar da ita ta ruɓe. In ta faɗi, fitilun birki sai su zauna a kunne dare da rana, ka wayi gari batir ya mutu, giya kuma ta ƙi fita saboda babu wuta. Mutane sukan sayi sabon batir alhali robar nan ce.

Batir

Idan injin ya tashi yana aiki, da wuya batir ya zama sanadi, kada ka ɓata lokaci a kansa. Maganarsa tana tasowa ne idan mota ta ƙi tashi, kana so ka sa ta a N a tura ta gefe. Zafin Maris da Afrilu a Garwa, Kusiri da Injamena, inda ake haura digiri 40, yana gajarta ran batir ƙwarai. Lafiyayyen batir idan an auna shi mota a kashe yana ba da wajen bolt 12.6. In ya sauka ƙasa da 12, ya yi rauni. Duba kawunansa tukuna, domin farin garin nan da ke taruwa a kai ko sakwarkwacewar ƙulli sun isa su yanke wuta. Kankare, ɗaure da sifana, in bai yi ba a jona maka da wata motar. Kuma a tuna, otomatik ba a tura ta ta tashi kamar manuwal, kada a tara matasa a wahalar da su a banza.

Maɓallin gaggawa

Masu ƙera motar sun san ranar nan za ta zo, shi ya sa suka bar ƙofar baya. Duba kewayen sandar giya, kusa da harafin P. Za ka ga ko dai ɗan maɓalli da aka rubuta SHIFT LOCK, ko wani ɗan murfi mai kusurwa huɗu wanda bai fi farcen yatsa ba. Mutane da yawa sun shekara da mota ba su taɓa lura da shi ba.

Ja birkin hannu har ƙarshe. In wurin ba shimfiɗaɗɗe ba ne, sa dutse a gaba da bayan taya. Kashe inji. Naɗe bakin ƙaramar sukundireba da ƙyalle don kada ta karce, ka ɓanɓare murfin a hankali, ka ajiye shi a aljihu domin ɓacewa yake yi. Taka birki ka riƙe. Zura sukundirebar ko makullin motar a ramin, danna ƙasa, za ka ji wani abu ya sauka. Kana danne da shi, ɗaya hannun ya matsa maɓallin sandar ya ja ta zuwa N. A Honda da yawa ramin daidai bakin makulli aka yi shi. A wasu motocin babu murfi a fili, sai an ɗaga robar ko fatar da ke kewaye da sandar sannan a ga wani ɗan hannu fari ko rawaya. Masu giya a jikin sitiyari nasu yakan kasance kusa da sitiyarin, kuma littafin motar shi ne zai nuna maka daidai wurin. In babu shi a mota, rubuta sunan motar da shekararta a intanet, akan samu.

Da ta shiga N, ƙafarka tana kan birki, tayar da inji. Otomatik tana tashi a P da N kaɗai. Daga nan ja zuwa D ka tafi. Kada ka mayar da ita P sai ka isa inda za a gyara, in ba haka ba sai ka sake wannan aikin.

Hattara biyu a nan. Idan inji a kashe yake, birki yana da taushi ne na taku biyu ko uku kawai, daga nan feda ta yi tauri kamar ba ta aiki, don haka kada ka saki mota a N a kan gangare inji a kashe. Na biyu, in suwici ko fiyus ne sanadi, ka tuna kana tafiya ba fitilar birki. A cikin gari, da 'yan acaɓa manne a bayanka, kunna fitilun gargaɗi ka bi a hankali zuwa gareji mafi kusa. Amma ka hau babbar hanyar Garwa zuwa Ngawundare da dare a haka, tireloli suna binka a baya ba su san ka rage gudu ba, wannan ganganci ne. Gara ka kwana.

Idan nauyin mota ne

Ga alamarsa: fitilun birki suna kamawa, kana jin ƙyas ɗin nan, maɓallin sandar yana shiga, sandar ma tana ɗan motsawa kaɗan sannan ta cije. Kuma motar tana kan gangare, ko tayarta ta hau dakalin gefen titi, ko wata mota ta ɗan tura ta a wurin ajiya. Ana yawan ganin haka a unguwannin tudu na Ngawundare, da hanyoyin duwatsun Mandara wajen Mokolo, da ma gangaren shiga gida da ake zubawa da siminti a ƙofar gareji. Abin da ya faru shi ne direba ya sa P ya saki birki ba tare da jan birkin hannu ba, motar ta ɗan silale, nauyinta duka ya sauka a kan ɗan haƙorin nan na cikin giyabos. Kamar sakata ce da ƙofa ta danne: ba jan sakatar ake yi da ƙarfi ba, ƙofar ake ɗan turawa sai ta zare da kanta. Maɓallin gaggawa ba zai yi maka komai a nan ba.

To sai a ɗauke mata nauyin. Nemi manyan duwatsu biyu ka ajiye ta ɓangaren gangare, tazarar yatsu biyu ko uku daga taya. Shiga, tayar da inji, saki birkin hannu. Taka birki kaɗan kawai, daidai yadda fitila za ta kama amma tayoyi ba su cije ba. Mutane uku ko huɗu su tura motar ta koma sama, ko da faɗin tafin hannu ne, kai kuma hannunka yana kan sandar kana ja a hankali. Da nauyin ya sauka za ta fita, wani lokaci da ƙara, gwaf, kada ka tsorata. Nan take ka danne birki sosai. Kada kowa ya tsaya tsakanin motar da bango ko wata mota. In gangaren mai tsanani ne ko motar babba ce irin Prado ko Land Cruiser, bar maganar turawa, a samo wata mota ta tsaya ta sama ta ɗan ja da igiya mai ƙarfi a hankali.

Datti, da kebul

Idan wuta tana zuwa, ƙasa kuma a shimfiɗe take, saura gidan giyar kansa. Ƙurar hunturu tana shiga ta tsagar sandar, ta haɗu da shayi ko zoɓon da ya taɓa zubewa daga wurin ajiye kofi, sukarin ya bushe ya zama danƙo. Makanike zai ɗaga murfin tsakiya, a ciki a tarar da tsabar sefa ɗari ta tsaya a tsaye daidai hanyar sandar, da ƙwallon dabino, da tsinken sakace. A share da buroshi, a goge da ƙyalle mai ɗan ɗumi, a fesa maganin wanke soket, sannan a shafa giris kaɗan inda roba ke gogar roba. Kada a zuba baƙin mai, ƙura yake kira. In bayan haka solonoyid yana samun wuta amma ba ya motsi, shi ne ya mutu, a sauya shi. Akwai masu cire shi gaba ɗaya ko su ɗaure shi da waya ya zauna a buɗe. Motar da yara ke shiga suna wasa a tsakar gida, ban ga dalilin da zai sa a yi mata haka ba.

Kebul kuwa alamarsa daban ce. Sandar tana yawo sakwaf ba nauyi, ka kai ta D amma dashbod yana nuna P, ko motar ta ƙi tafiya. Robar da ke riƙe bakin kebul ce ta cinye, ko a ƙasan sandar ko a jikin giyabos. Wannan yana da haɗari ta ɗaya fuskar ma, domin kana iya sa P alhali giyabos tana N. Ja birkin hannu, sa dutse, kira makanike. Shi zai iya juya hannun da ke jikin giyabos da hannunsa, inji a kashe, ya sa ta inda ake so.

Idan ka isa gareji, faɗi abin da ka gani dalla-dalla: “Maigida, fitilar birki ba ta kamawa, fizibil lafiya, da maɓallin gaggawa na fito.” Wannan ya rage masa rabin aiki, ya kuma toshe ƙofar a ce maka sai an sauke giyabos. Ƙarancin man giya yana sa mota ta ƙi ja ko ta riƙa fizga, amma ba shi ke kulle sanda a P ba. In suna da na'urar da ake jonawa a ƙasan dashbod, lambobin P0504 da P0571 suna nuni ga suwicin birki, P0705 kuma ga abin da ke gaya wa kwamfutar mota inda giya take.

Sababbin motoci masu giyar lantarki zalla, irin wasu Mercedes, BMW da Range Rover masu ɗan maɓalli ko abin murzawa, ba su da kebul, kuma hanyar sakinsu ta bambanta daga mota zuwa mota. In batirinsu ya mutu, a fara ba su wuta. Kowace iri ce kuma, kada a ja mota tana P tayoyinta suna gurzar ƙasa. A ɗora ta a kan babbar mota, ko a ɗaga tayoyin da ke ja, in mai jan taya huɗu ce kuwa dukansu.

Daga yau sauya yadda kake tsayawa. Ƙafa a kan birki, sa N, ja birkin hannu, ɗaga ƙafar kaɗan har ka ji motar ta zauna a kan birkin hannun, sake takawa, sannan ka sa P. Wajen tashi, taka birki, sa giya, sannan ka saki birkin hannu. In ka ja shi har ƙarshe motar tana silalewa, a ɗaure maka shi. Masu Hilux da Land Cruiser da ke da ƙaramar sanda ta biyu, wato ta jan taya huɗu, su kula kada a bar ta a N, domin a haka P ba ta riƙe komai, kuma wasu motocin Toyota suna kunna fitilar A/T P a dashbod don su sanar da kai.